Gidan Gado a Zangon Kumasi: A Gyara Shi Ko a Rushe a Tayar da Bene?

Bayan sadakar arba'in ta Kawu, ba a ko gama naɗe tabarmi ba maganar gidan ta taso. Gidanmu na gado ne a Aboabo. Kakanmu ya gina shi da kuɗin goro, ɗaki 14 kewaye da tsakar gida, ga zaure mai ƙofa biyu inda fatake ke sauke huhunan goro a da. Ginin ƙasa ne, irin wanda magina a nan ke kira atakpame: a ɗora curi kan curi sahu guda, a bar shi ya sha iska, sannan a ɗora na gaba. Yayanmu da ke Jamus ya bugo waya, aka ɗaga murya kowa na ji. Shi dai a rushe, a tayar da bene hawa uku, ƙasa shaguna, sama haya. Gwaggo, wadda a gidan aka yanke mata cibiya, a cikinsa kuma ta yi takaba, ta matso kusa da wayar ta ce, "Ɗana, in kun rushe, ni ina za ku ajiye ni kafin benen naku ya tashi?" Babu wanda ya amsa.

Mun shafe shekara ɗaya da rabi kafin mu tsayar da magana. A cikinta na bi magina da kafintoci, na kawo injiniya sau biyu, na shiga ofisoshin da ban taɓa takawa ba. Gidaje irin namu sun cika Aboabo da Asawase da Akwatia Line da Sawaba, kuma kusan kowane ɗaya wannan gardama na jiransa ranar da babba ya kwanta dama. Abin da na gano shi ne zan shimfiɗa. Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: gidan da gindinsa ke da lafiya, gyara ya fi masa. Amma akwai gidan da gyara shi zuba kuɗi ne a rijiya, kuma zan faɗi yadda ake gane shi.

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne murya ke tashi. Mai son bene yakan kawo jimilla guda ya ce ga abin da za a kashe, ga abin da haya za ta riƙa kawowa. Abin da ba ya cikin takardarsa shi ne yadda kuɗin ke shigowa hannu. Bene yana son kuɗinsa a dunƙule. Ranar zuba dekin ba a cewa a dakata sai wata mai zuwa. Rodi da tsakuwa da yashi da siminti da leburori duk rana ɗaya suke so. Siminti kuwa a ƙasar nan bawan dala ne, domin ƙullun da ake niƙawa a masana'antun Tema da Takoradi daga waje ake shigo da shi ta jirgin ruwa. Sidi, kuɗinmu na Ghana, na faɗuwa, buhu na tashi. A 2024 buhu ya haura sidi 100 a wurare da dama, har gwamnati ta shiga maganar farashin. Wanda ya yi lissafi da farashin watan Azumi, kafin Babbar Salla lissafin ya tsufa. Shi ya sa in ka bi hanyar Kenyasi ko Abuakwa za ka ƙirga gine-ginen da suka tsaya a linta, rodi tsitstsaye a sama suna tsatsa, ciyawa ta cinye falo. Masu su ba ragwaye ba ne, kuɗin ne ya yanke a tsakiya.

Gyara kuwa yana karɓar abin da ka samu. Bana ka sauya kwanon ɓangaren gabas, baɗi ka yi banɗaki, shekara mai zuwa ka gyara magudana, mutane na ciki suna kwana, haya na shigowa. Sannan ga wani kuɗi da masu son rushewa ke mantawa. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar adibas, wato kuɗin haya da ake biya gaba, fiye da na wata shida, amma kowa ya san abin da ake yi: shekara ɗaya, shekara biyu. In kun karɓa kun ci, sai kun amayar kafin ɗan haya ya fita. Bayan nan 'yan gida su kansu sai an kama musu ɗaki a wani wuri, a biya adibas ɗin da wani mai gidan zai yanka. Da muka zauna muka haɗa wannan kaɗai, na mutanenmu da na 'yan haya, ya kusa kuɗin sauya rufin gidan gaba ɗaya.

Kada dai in yi wa gyara ado fiye da kima. Tsohon gida yana da abin ɓoye. Ka ɗaga kwano don ka sauya falle biyar, ka tarar gara ta mayar da katakon ƙasa gari. Duk kuɗin da magini ya faɗa maka na gyara, ka ajiye wani abu a gefe, don za a nema. Ta fuskar abin da gida zai kawo kuma, in yana bakin titi inda mota ke tsayawa, gaskiya bene ya fi. Shago ɗaya na iya kawo abin da ɗaki uku ba su kawo ba. Amma gidan da ke cikin lungu, inda ko tifar yashi ba ta shiga sai an sauke a bakin hanya yara su kwashe da kwano a ka, shagon wa za a buɗe a can? Namu lungu ne. Yaya ya daɗe bai zo ba, ya manta faɗinsa.

Yanzu bangon kansa, wanda shi ne alƙalin maganar. Wani tsohon magini da na kawo ya zagaya gidan bai ce uffan ba, sai da ya gama ya ce, "Alhaji ƙarami, ginin ƙasa hula da takalmi yake so. In ka ba shi su, jikanka ma zai gaje shi." Hula ita ce rufin da ya zarce bango sosai har ruwa ba ya dukansa. Takalmi shi ne dakalin dutse ko na kankare da ke tsare gindin bango daga ruwan da ke kwanciya da wanda ke fallatsowa. Kumasi ba Kano ba ce. Damina biyu muke yi, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan shekara yana kai wajen milimita 1,400. Ginin soro mai shimfiɗaɗɗen rufi na Arewa ba zai kai labari a nan ba, shi ya sa kakanninmu da suka zo suka ɗauki rufin da ya dace da ƙasar.

Tonawa, wato Asantawa masu ƙasa, sun riga mu sanin wannan. Tsoffin ɗakunansu na gargajiya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980, irin na Besease kusa da Ejisu, da ƙasa da itace da ciyawa aka yi su, ɗakuna huɗu suna fuskantar tsakar gida, rufin a tsaye ƙiƙam don ruwa ya sulale da sauri. Na je Besease da ƙafata. Abin da ya tsaya mini a rai ba zanen jikin bangon ba ne, tudun da aka ɗora ɗakunan a kai ne, da yadda gindin ke shafe da jar ƙasa sumul. Hula da takalmi ke nan.

Babban kuskuren da muke yi a zango, wanda mu ma an yi a gidanmu tun ina yaro, shi ne yaɓe bangon ƙasa da filastar siminti mai kauri ana ganin an yi masa gata. Ƙasa tana numfashi, tana shan danshi tana fitarwa. Siminti ya toshe ta. Ruwa ya samu 'yar tsaga ya shiga, ba hanyar fita, sai ya zauna ciki yana jiƙa bangon a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gara ma haka. Wannan ya faru da masallacin Larabanga mai tarihi a arewacin ƙasar nan. A shekarun 1970 aka shafe shi da siminti don a kare shi, danshi ya maƙale a ciki, itatuwan jikinsa suka ruɓe, gara ta shiga, wani ɓangare ya faɗi. Daga 2002 sai da aka bi aka ɓamɓare simintin, aka koma yaɓen ƙasa irin na asali. In masallacin da duniya ta sani ya sha wannan, gidan kakanka ba zai tsira ba. Yaɓen da ya dace shi ne na ƙasa da yashi, ko na farar ƙasa, wanda ke barin bango ya sha iska. Siminti wurinsa dakali da daɓe da banɗaki.

To yaya za ka gane naka na gyaruwa ne? Ka ɗauki mabuɗi ko ƙaramin guduma ka bi bango kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filasta ta rabu da ƙasa. Ka ɓalle kaɗan a gindin bango, kamu ɗaya daga ƙasa, ka sa yatsa. In ƙasar tana da tauri, sai ka yi da gaske kafin ka kankare ta, alhamdu lillahi. In tana marmashewa kamar garin kwaki ko ta yi laushi kamar tuwo, ka bi ka ga iyakar inda abin ya kai. Ka ɗaure dutse a igiya ka sako daga saman bango, za ta nuna maka ko ya karkata. Tsaga siririya a jikin yaɓe ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ke tsoratarwa ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ta raba bango biyu a kwana, baki buɗe a sama. Injiniyan ya koya mini dabara: a liƙa ɗan siminti a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe, a bari damina ta wuce. In liƙin ya tsage, bangon na tafiya. A gidanmu mun liƙa wuri tara. Bakwai suka fito lafiya. Biyun da suka tsage duk a ɓangaren baya suke, wajen da ruwan wanka ya yi shekaru yana bin gindin bango. Wannan ɗan aikin da bai ci buhu guda ba shi ya kashe rabin gardamarmu, domin gani ya kori ji. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: ɗora dekin kankare ko wani hawa a kan bangon ƙasa. Ba a gina shi don wannan nauyi ba.

Zafi kuma fa? Duk wanda ya kwana a ɗakin bulo mai inci biyar ƙarƙashin kwano a watan Fabrairu ko Maris, lokacin dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya san bango na iya zama murhu. Bulo siriri yana ɗaukar zafin rana ya tura shi ciki nan take. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shi, tsakar gida kuma na zuƙe iska mai zafi ta yi sama. Ɗakin Gwaggo da azahar kamar randa. Wannan kuɗi ne, mitar wuta na nuna shi duk wata. Sai dai tsoffin ɗakunan suna da nasu aibin: taga kamar ta kurciya, duhu, warin danshi. Ana magance shi da faɗaɗa taga da linta ta katako mai ƙarfi, da buɗe wata a bangon da ke fuskantarta don iska ta ratsa, da sa silin a bar ƙofar iska tsakaninsa da kwano. In rufinku irin tsohon falle ne mai kama da siminti, wanda ake kira asbestos, kada a fasa shi ko a yanka da zarto; ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum.

Ina kuma tunanin inda ɓaraguzan gida mai ɗaki 14 za su. Mun san inda irinsu ke ƙarewa, a bakin rafin Aboabo ko Subin, damina ta zo ruwan ya rasa hanya ya shiga gidan wani. Yashin sabon ginin kuma daga gonar wani ƙauye za a kwaso shi a bar masa rami. Masana sun ƙiyasta sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya. Bangon da ke tsaye an riga an biya kuɗinsa tun zamanin kaka, ba ya neman ko buhu ɗaya.

Abin da takardar lissafi ba ta iya ɗauka shi ne aikin da tsakar gida ke yi. A namu ake suna, a nan ake kamun amarya, a nan aka yi wa Kawu wanka. Da asuba matar ƙanena na dama koko tana soya ƙosai, da hantsi wata 'yar haya na sauke tukunyar wace, wato shinkafa da wake, da take kaiwa bakin titi, da shi take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta uku. Da yamma zaure ya cika da yara da alluna. Ka mayar da wannan fulat-fulat, kowa ya rufe ƙofarsa, ina za a hura itacen tukunya mai lamba talatin? Ina tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta zauna ta ga mutane in an kai ta hawa na biyu? Kuma ɗaki 14 na ɗauke da gida fiye da goma. Fulat shida za su ɗauki gida shida, a kuɗin da babu ɗaya cikin 'yan hayarmu na yanzu da zai iya biya. A ƙasar da ake cewa giɓin gidaje ya kai miliyan 1.8, korar mai ɗaki ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma wasunsu tun kafin a haife ni suke tare da mu.

Matasan gidan ma suna da gaskiyarsu, na kuma saurare su. Ƙanwata ta ce mini, "Yaya, kai kana maganar tarihi, mu muna bin layin masai na kuɗi da daddare." Na rasa amsa, domin abin kunya ne a gida mai mutum fiye da hamsin. Amma maganin rashin banɗaki shi ne banɗaki, ba katafila ba. Irin na zamani mai narkar da ƙazanta, wanda ake kira bayodaijesta, ba ya cin wuri, kuma a 'yan shekarun nan an yi shirin gwamnati da tallafin Bankin Duniya da ya sa irinsa a gidajen Kumasi da kewaye da rangwame. Ku tambaya a ofishin asambili, wato ƙaramar hukuma, ko yana kan gudana. Ango da amarya da ke son sirri kuma, ana haɗe ɗaki biyu a fitar musu da ciki da falo da banɗakinsu.

Sai takardu, inda na ga iyalai sun ɓaɓe. Yawancin filayen Kumasi na kujerar sarauta ne, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da irinsu mallakar har abada. Lis ake bayarwa, wato hayar fili ta wasu shekaru. Kafin ku taɓa ko falle ɗaya da niyyar rushewa, ku nemo takardar kaka, ku je Hukumar Filaye da ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, ku ga sunan wa ke kai da shekarun da suka rage. Rushewa da sabon gini suna bukatar izinin asambili, mu namu na Asokore Mampong ne, da zane mai sa hannun ƙwararru, kuma sabon zane dole ya ja baya daga hanya da iyakar maƙwabci. Filin da kake gani zai ragu. Sannan gado. Gida mai ɗakuna yana rabuwa, malam ya zo ya fitar wa kowa rabonsa, mace ta san ɗakinta. Ranar da mutum ɗaya ya zuba kuɗinsa ya tayar da bene, filin na kowa, ginin nasa, gwaggonni da 'yan'uwa mata su ne farkon waɗanda muryarsu ke ɓacewa. Haka in wani mai kuɗi ya zo ya ce zai gina ya ci haya shekara kaza ya mayar muku. Ba haramun ba ne, amma a rubuta komai gaban lauya da shaidu: ɗakuna nawa na 'yan gida tun ranar farko, yaushe zai gama, me zai faru in ya tsaya a tsakiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu cewa tsohon gini ci baya ne su leƙa Manhyia, fadar sarkin Asante. Fadar da Turawa suka gina a 1925 don Sarki Prempeh na Ɗaya bayan dawowarsa daga tsibirin Seshel inda suka tsare shi, da aka yi sabuwa ba a rushe ta ba. A 1995, zamanin Otumfuo Opoku Ware na Biyu, aka mayar da ita gidan tarihi, kuma a cikinta aka baje kayan zinariyar da aka dawo da su daga Ingila da Amurka a 2024. Ganuwar soja da ke Adum, wadda mayaƙan Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu, suka yi wa ƙawanya a 1900, yau gidan tarihin sojoji ce. Masu ƙasa sun san darajar bangonsu. Mu 'yan zango namu tarihin yana cikin zaurukan nan ne, inda aka ɗaure goro zuwa Kano da Sakkwato, inda malamai suka karantar. Babu hukumar da za ta zo ta kare mana su.

Duk da haka akwai inda zan ce a rushe ba tare da na ji ɗar ba. Gidan da ke kwari bakin rafi, wanda ruwa ke shiga duk shekara, ko wanda titi da kwata suka yi tudu har daɓensa ya koma ƙasa da hanya. Gidan da gindin bangonsa ya narke a yawancin ɓangarori, ko bangon ya karkata har ido na gani. Rai ya fi tarihi. Idan kuma gidan na bakin babban titi, magada duka sun yarda a rubuce, kuɗin kaiwa rufi na hannu, an tanadi inda tsofaffi za su zauna, to bismilla. Sai dai a yi shi da injiniya na gaskiya, a duba ƙasar wurin, a sa ido kan masu buga bulo, don akwai mai miƙe buhu ɗaya har bulon ya riƙa marmashewa a hannu. Benen kantin da ya rufta a Achimota cikin Akra a Nuwamba 2012 ya ci rayuka fiye da goma, kuma sabon gini ne na kankare. Sabon ma ba dole ya zama akwati ba. A bar masa tsakar gida. A duba jan bulo na ƙonawa, ko bulon ƙasa da ake matsewa da inji da ɗan siminti. Tun wajen 1945 aka gwada irinsa a rukunin gidajen Asawase. Cibiyar binciken gini da hanyoyi da ke Fumesua ta daɗe tana aiki kan wani gari na yumɓu mai suna pozolana da ke rage simintin da ake zubawa, ga kuma sashen zanen gini na jami'ar KNUST a bayan gidanmu.

Mu dai tsakiya muka bi. Ɗakuna huɗun baya, ɓangaren da liƙin ya tsage, muka sauke, muka sake su da harsashi da ginshiƙan da za su iya ɗaukar hawa ɗaya nan gaba, wannan kuɗin Yaya ne, kuma an rubuta shi bashi a kan gida, ba mallaka ba. A gefensu aka fitar da banɗaki uku. Ƙasar bangon da aka sauke ba mu zubar ba, magini ya jiƙa ta ya cuɗa, da ita aka cike gindin sauran ɗakunan bayan an ɓamɓare tsohon siminti. Aka zagaye gidan da dakali, aka karkatar da ruwan wanka ya bi bututu zuwa kwata. Gwaggo ta tashi daga ɗakinta na wata biyar, amma tsallaka tsakar gida kawai ta yi, da tabarmarta da butarta. Zaure yana nan da ƙofofinsa biyu, an dai ƙara masa taga.

Saura rufin yamma. Kafinta ya ce a jira ruwan Nuwamba ya ɗauke, hunturu ya shigo, katako ya bushe. Yaya ya ce zai zo da kansa a lokacin, yana so ya hau ya ga ginshiƙan.